Mai Askin da Tsayuwa ta Gagara

Da a kan titi Dogo ya faɗi, ko a banɗaki, ko a gaban wani baƙon da ya shigo aski, da maganar ba ta kai inda ta kai ba. Sai ya tashi faɗuwa ranar da mahaifin wadda zai aura ke zaune a kujerarsa, an yafa masa ƙyalle, kumfa ta rufe masa haɓa, reza kuma tana hannun Dogo.

Auta, wadda zai aura ɗin, tana makarantar da take koyarwa aka kira ta. Ta bar yara 'yan shekara biyar da rabin waƙar ƙirga a baki, ta fita ko jakarta ba ta ɗauka ba. A ƙaramin asibitin bakin titi ta tarar an yi wa Baba ɗinki shida, daga gefen haɓa zuwa wuya. Matar da ta yi ɗinkin ta ce da rezar ta ƙara gangarawa faɗin yatsa biyu, da yanzu wani zancen ake yi.

Dogo yana waje a kan benci, gaban rigarsa duk jinin Baba, goshinsa ya yi ƙulu inda ya bugi bakin teburin madubi. Da ta tsaya a kansa bai iya ɗago ido ba.

Waɗanda ke shagon sun ce yana cikin zolayar Baba ne, wai furfura ta fi baƙin gashi taurin kai, sai ya yi shiru. Gumi ya keto masa, leɓensa ya yi fari, ya tafi gaba ɗaya kamar an sare itace. Da ya kai ƙasa ƙafarsa ta ɗan harba sau biyu, kafin a yayyafa masa ruwa ya buɗe ido.

Kafin rana ta faɗi, harbi biyun nan ya zama ashirin a bakin unguwa. Kumfar askin da ta shafar masa fuska kuwa ta zama kumfar da ta fito daga bakinsa.

Saura wata huɗu bikinsu.

Washegari Gwaggo, yayar Baba, ta iso da jakar kayanta, alamar ba zuwan yini ɗaya ba ne. Ta duba ɗinkin ƙaninta, ta yi salati, ta zauna a tsakiyar falo ta yanke hukunci.

"Farfaɗiya ce. Ni ba yau aka haife ni ba."

Auta ta ce ba wanda ya auna shi tukuna. Gwaggo ta ce gani ya kori ji, kuma abin da ke bin jini ba a jira sai likita ya sa masa hannu. Ta lissafo gidaje uku da ta sani inda aka yi irin wannan ganganci, ta faɗi yadda jikokinsu suka kasance. Umma tana gefe tana ninke wanki, tana ninke riga ɗaya tana warwarewa.

Baba kuwa sauraro kawai yake yi. Tsohon ma'aikacin gidan ruwa ne, shekara talatin yana sauraron bututu kafin ya haƙa ƙasa, haka kuma yake da mutane. Sai a kwana na uku ya kira Auta, ya yi magana ta gefen bakin da ba ya ja masa ɗinki, ya ce a dakata da shirye-shirye. Bai ce an fasa ba. A dakata kawai.

A cikin kwanakin ne Injiniya ya dawo gidan. Abokin Yaya ne, babban wan Auta, mai haɗa wa gidaje wutar sola. Shekara biyu da suka wuce ya nemi Auta, ta ce masa tana da wanda take so, ya yi mata fatan alheri ya ja jikinsa. Yanzu shi ke zuwa da motarsa ya kai Baba wankin ciwo ya dawo da shi. Bai taɓa yi mata wata magana da ta wuce gaisuwa ba. Da mugun mutum ne da ta ji sauƙi, ta sami wanda za ta tsana. Yaya kuwa kullum sai ya yi tsokaci a gaban abinci, wai akwai mazan da ke yini a kan rufin bene da tsakar rana ko jiri ba ya ɗibarsu.

Da ƙyar ta shawo kan Dogo suka je babban asibiti. Sau uku suna komawa. Aka maƙala masa wayoyi a ka, aka maƙala a ƙirji, aka ɗebi jini. A zuwa na ƙarshe likitar, wata dattijuwa mai tabarau a ƙarshen hanci, ta sa shi ya kwanta a gado minti biyar ta auna jininsa, sannan ta ce ya miƙe tsaye ta sake aunawa. Kafin minti uku Auta ta ga idonsa ya fara lumshewa. Likitar ta tura shi kan kujera da hannu ɗaya kamar dama jira take.

Ta ce ba farfaɗiya ba ce, ƙwaƙwalwarsa lafiya lau, zuciyarsa ma haka. Ba kuma ƙarancin jini ba ne. Mutane sun saba jin hawan jini, to nasa sauka yake yi. In ya daɗe a tsaye, ko ya miƙe da sauri, jinin sai ya taru a ƙafafu, kai ya rasa rabonsa, jiki ya kashe fitila. Harbin ƙafar da aka gani, ta ce, mai suma yakan yi shi.

Auta ta ji kamar an sauke mata buhun siminti daga ka. Har ta fara murmushi.

Sai likitar ta juya ga Dogo ta tambaye shi tun yaushe yake faɗuwa.

Ya dubi ƙasa. "Tun ina shekara sha shida."

"Sau nawa ke nan?"

"Na daina ƙirgawa."

Murmushin ya bushe a fuskar Auta. Shekara uku suna tare. Sai abubuwa suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Yadda in suna hira a ƙofar gida yake jingina da bango, tana ɗauka yanga ce ta dogayen maza. Yadda suna cikin tafiya zai tsuguna ya ce igiyar takalminsa ta kwance, alhali a ɗaure take. Ranar da ya ce ta je ta sayo musu lemo a tsallake, ta dawo ta same shi zaune a ƙasa yana cewa yana kallon tururuwa.

Likitar tana ta lissafa abin da zai yi, rabin hankalin Auta ne kawai ke wurin. Ya sha ruwa sosai, ya ɗan ƙara gishiri a abinci tunda ta duba shi ta ga ba zai cutar da shi ba, ya daina cika ciki lokaci ɗaya. In ya farka ya zauna a bakin gado tukuna. Ya sa safa mai matse ƙafa har gwiwa. In ya ji kunnensa ya toshe, ko ido ya fara duhu, ko gumi mai sanyi, kada ya yi gardama da jikinsa, ya kwanta a duk inda yake ya ɗaga ƙafafu sama.

"Ko a gaban wa," ta ce, tana kallonsa ta saman tabarau. "Masu jin kunyar kwanciya su ne ake kawo mini da fasasshen kai. Reza kuma ka ajiye ta, sai ka yi wata uku ba ka faɗi ba."

A ƙarƙashin wata bishiya a harabar asibitin Auta ta tsaya. Ta juyo ta dube shi.

"Me na yi maka da ba za ka faɗa mini ba?"

Ya ce tsoro ya ji. Duk wadda ya taɓa gaya wa, daga ranar gaisuwa ke canzawa. Akwai wadda iyayenta suka sa aka wanke kofin da ya sha ruwa da ruwan zafi. Da ya haɗu da Auta sai abin ya yi sauƙi, ya yi kusan shekara biyu bai faɗi ba, ya ɗauka ya rabu da shi ke nan.

"Ka san kana da wannan, ka ɗora reza a wuyan mahaifina."

"Na ji alamar, Auta. Wallahi na ji. Saura ja biyu in gama. Na ce yaya zan bar Baba da rabin gemu in zauna a ƙasa kamar mai naƙuda. Na ce bari in daure."

Hawaye suka zubo mata. Ta ce masa ba ciwon ne ya ƙona mata rai ba, ciwo na kowa ne. Da ya faɗa mata tun farko, da ita za ta tsaya a gaban Gwaggo da Yaya da duk duniya. Yanzu ya mayar da ita wadda ake yi wa dariya, malamar makaranta da ba ta san wanda za ta aura ba.

"Akwai sauran abin da ban sani ba?" ta tambaye shi. "In akwai ka faɗa mini yau, a nan, mu binne shi."

Ya ɗaga kai ya dubi ganyen bishiyar. 

"Babu."

Ta share fuska da gefen mayafi, ta ce su tafi su sayi safar.

Sati shida suka biyo baya masu nauyi. Dogo ya koma shago da jarkar ruwa da wata doguwar kujera mai taya da ya sa maƙeri ya haɗa masa, don ya riƙa aski a zaune yana zagaya kan mutum. Ya kulle rezoji a aljihun tebur ya ba Auta makullin. Kilifa, injin aski, kawai ya bari a waje. Safar tana dafa masa ƙafa a cikin zafi, yana cewa ya zama tsohuwa tun kafin ya zama ango.

Sai dai masu aski ba su dawo ba. Waɗanda suka shekara biyar suna zama a kujerar suka koma gaishe shi daga tsallaken titi. Wani ya ce masa, cikin wasa mai ciwo, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta sai ka shafa wa naka ruwa, to su gemun Baba suka gani. Mai askin ƙarshen layi ya ƙara kujera ta biyu.

Mutum ɗaya ne bai fasa zuwa ba, tsohon mai wanki da guga na maƙwabtaka, wanda sanƙo ya cinye masa kai tas. Duk bayan kwana biyu sai ya shigo ya zauna, ya ce a gyara masa gaba. Dogo ya kunna kilifa ya zagaya fatar kan da ba komai, tsohon ya duba madubi ya ce yau kam an fito da shi. In Auta ta biyo daga makaranta ta tarar da su haka, sai ta rasa dariya za ta yi ko kuka.

Ita ta ɗauki ciwon kamar darasin da za ta koyar. Ta sayi abin awon jini, ta koyi ɗaura shi. Ta riƙa kiransa da safe ta ji ko ya zauna a bakin gado kafin ya miƙe. Sau biyu a cikin satin nan shida alamar ta zo masa a shago, ya kwanta a ƙasa ya ɗora ƙafa a kan kujera, ta wuce. Bai faɗi ba ko sau ɗaya.

A gida kuwa wuta ba ta mutu ba. Gwaggo ta ce ko ma mene ne sunan ciwon, namijin da tsayuwa ke gagara ba zai tsaya wa iyali ba. Yaya ya daina amsa gaisuwar Auta. Umma ta same ta a kicin wata rana, ta ce ita ba ta ƙi yaron ba, yana da ladabi, amma aure ba hira a ƙofar gida ba ne. Akwai ranar da mace za ta kwanta ciwo tana neman mai ɗaga ta. Auta ta ce to ita za ta ɗaga shi, shi ma ya ɗaga ta, duk wanda ya riga faɗuwa. Umma ta yi murmushin da bai kai ido ba, ta ce Allah ya sa kada su faɗi rana ɗaya.

Da aka cika sati shida ta kai wa Baba takardar likita. Bai daɗe da dawowa daga wata tafiya ta kwana biyu ba, wadda ya ce ziyarar tsohon abokin aiki ce. Ya sa tabarau, ya karanta takardar sau biyu, ya ninke ta yadda take ya miƙa mata.

"Na yarda ba farfaɗiya ba ce. Ki ce masa ya zo ranar Asabar da la'asar."

Ta fita da gudu kamar ƙaramar yarinya. Ba ta lura cewa Umma, da ke tsaye a bakin ƙofa, ta juya fuska bango ba.

Asabar ta zo da zafi mai toshe numfashi. Baba ya sa aka fito da kujeru baranda. Yaya yana zaune a gefensa, Gwaggo ta kafa kujerarta a bayan taga. Injiniya ma yana gidan, yana kan tsani yana duba wata waya da Yaya ya ce tana tartsatsi. Auta ta san wayar lafiyarta ƙalau.

Dogo ya shigo cikin fararen kaya masu guga, aikin tsohon maƙwabcinsa. Ya durƙusa a gaban Baba ya gaishe shi, ya daɗe a durƙushe yana ba da haƙurin da ya riga ya bayar sau biyar. Tabon ɗinkin yana nan a wuyan Baba, ja, kamar an zana da biro.

"Ya isa. Tashi ka hau kujera," in ji Baba.

Girmamawa ta sa Dogo ya miƙe zumbur.

Auta tana bakin ƙofar falo, ita ta fara gani. Ya tsaya cak. Hannunsa ya nemi abin kamawa bai samu ba. Gumi ya tsattsafo a saman leɓensa. Kujerar tana taku huɗu daga inda yake, ta kuma san ba zai kai ba. Ta ga ya dubi Baba, ya dubi Yaya, ya ɗaga ido ya dubi mutumin da ke kan tsani. Ta ga lokacin da ya cije haƙori zai daure.

Sai kuma ya saki.

"Baba, a gafarce ni. Zan kwanta."

Ya sulale ƙasa da fararen kayansa, ya miƙe a kan simintin baranda, ya ɗaga dogayen ƙafafunsa ya jingina su da bango. Wandon ya zame, safar ta fito fili har gwiwa. Gwaggo ta ja salati daga bayan taga. Yaya ya yi tsaki ya kau da kai. Injiniya ne ya sauko daga tsani ba hayaniya, ya shiga ciki ya kawo ruwa a kofi, ya ajiye kusa da kan Dogo ya koma gefe.

Minti biyu, uku. Launin leɓensa ya dawo. Bai suma ba. Ya juya a hankali ya zauna ya jingina da bango, ya sha ruwan.

Auta ba ta taɓa jin ƙaunarsa kamar a wannan lokacin ba. Ta dubi mahaifinta da ido cike da hawaye, kamar ta ce ka gani ko.

Baba ya gyaɗa kai. Ya ce abin da Dogo ya yi yanzu ba ƙaramin namiji ke iya shi ba, shi kansa bai san ko zai iya ba. Ya shafa tabon wuyansa.

"Da haka ka yi shekara bakwai da suka wuce, da ban sa an kira ka yau ba. Na je garinku. Za ka faɗa mata labarin 'yar ƙanwarka da bakinka, ko ni in faɗa?"

Kofin ya karkace a hannun Dogo, ruwa ya zuba a cinyarsa. Bai goge ba.

Auta ta ce wane labari.  Ta fito daga bakin ƙofa ta tsaya a gabansa ta sake tambaya.

Dogo ya fara magana idonsa a kan siminti. Ya ce a lokacin suna haya a saman bene shi da ƙanwarsa da mijinta. Tana da jaririya 'yar wata bakwai. Wata rana tana girki ta ce ya riƙe mata ita ya sauka da ita ƙasa ta sha iska. Ya tashi daga barci ke nan, bai ci komai ba. A matakala ta uku ya ji kunnensa ya toshe. Ya san alamar sarai. Amma a ƙasan benen akwai 'yan mata zaune suna hira, ya ji kunyar su ga ƙato ya zauna a matakala da jaririya. Ya ce bari ya ƙarasa, saura tara.

"Da na farka ina ƙasa. Ita tana can gefe. Ba ta kuka."

Yarinyar ta rayu. Shekararta bakwai da rabi yanzu. Ba ta tafiya, ba ta magana, sai an ba ta abinci a baki. Mijin ƙanwar bai iya zama gida ɗaya da shi ba, daga baya bai iya zama da matar ba ma. Shi ya sa Dogo ya bar garin, daga baya ya ɗauko ƙanwar da 'yarta ya kama musu ɗaki kusa da nasa.

Auta ta san yarinyar. Ta taɓa ɗaukarta a cinya, ta goge mata yawu, ta kai mata 'yar tsana. Ya ce mata haka aka haife ta.

"Na tambaye ka," ta ce. Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa. "A ƙarƙashin bishiyar nan na tambaye ka."

"Kin tambaye ni."

"Ka ce babu."

"Da na faɗa, da kin dube ni yadda kike dubana yanzu."

Ta durƙushe a inda take. Kukan da ya zo mata ba mai sauti ba ne, kafaɗunta ne kawai ke rawa. Shi ma hawaye na bin fuskarsa, yana cewa ba dare ba rana da ba ya sauka daga benen nan a zuciyarsa, yana zama a matakala ta uku. Ya ce tun daga ranar bai sake ɗaukar jariri ba, ko an miƙo masa sai ya ce hannunsa da datti. Ya ce ya yi niyyar gaya mata bayan biki, sannan ya ce bayan ta sami ciki, sannan ya daina yi wa kansa alkawari.



Baba ya bari har kukan ya lafa. Sannan ya kira ta da sunan da yake kiranta tun tana rarrafe.

"Autana, ɗago ki dube ni. Ban taɓa yi wa ɗana dole ba, ba zan fara a kanki ba. Wuyana ya warke, na yafe. Ciwonsa ba shi ya ɗora wa kansa ba. Amma sau biyu jikinsa yana gaya masa gaskiya yana zaɓar idon mutane, sau biyu kuma wani ne ya biya. Yau ya kwanta, na gani. Ban san gobe ba, ke ma ba ki sani ba. Ke za ki haihu, ke za ki shiga wanka ki bar masa jariri. In kin ji duk wannan kin ce shi, na ba shi, ranar da aka sa tana nan. Amma ki faɗa da bakinki, yanzu, yana ji."

 Injiniya ya ɗauki tsaninsa ya zagaya bayan gida.

Auta ta buɗe baki. Kalmar tana nan, gajeriya, ta faɗe ta sau dubu a zuciyarta cikin satin nan shida, ta faɗa wa Gwaggo, ta faɗa wa Yaya. Ta dubi Dogo. Ta dubi hannayensa, dogayen yatsun nan masu tsabta da take so. Sai ta ga jariri a cikinsu, da matakala.

Ta rufe bakin.

Dogo ya jira. Ya ba ta lokaci mai tsawo, har inuwar bango ta matsa. Sannan ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa abin da ya riga ya sani. Ya dafa bango ya miƙe a hankali, ya tsaya har ya tabbatar da ƙafafunsa. Ya yi wa Baba godiya, ya ce Allah ya saka da alheri da aka saurare shi. Bayan rigarsa duk ƙurar siminti. Yaya, da kansa, ya ce bari a kai shi a mota. Ya ce a bar shi, zai taka.

Ba ta bi shi da kallo ba. Ta shiga ɗaki ta kwanta rub da ciki. Ta ji Yaya a falo yana tambaya ko ya yi wa abokinsa magana, ta ji Baba ya ce masa ya rufe bakinsa, ba a shuka a kan kabari tun ƙasa ba ta bushe ba. Umma ta shigo ta zauna a bakin gado, ta ɗora mata hannu a baya.

Rana na gab da faɗuwa wayarta ta yi ƙara. Lambar Dogo ce. Ta bar ta ta katse. Ta sake yi, ta sake katsewa. A karo na uku Umma ta ɗauka ta kara mata a kunne.

Muryar mace ce, tana haki.

"Ni ce ƙanwarsa. Ba roƙonki na kira in yi ba, ni na fi kowa sanin abin da kika ji. Ya dawo ya ajiye wayarsa a ɗakina, ya shiga nasa ya sa sakata. Mun ji faɗuwa, mun ji gilashi ya fashe. Muna ta bugawa ba ya amsawa. An tafi kiran mai ɓalle ƙofa. In akwai muryar da zai ji, taki ce."

Auta ba ta san lokacin da ta sa takalmi ba. Ta fito falo mayafi a hannu, ta tarar da Baba tsaye a bakin ƙofar fita, ya ji komai. Gwaggo ta fara cewa ina za ta, ai an gama magana. Baba ya ɗaga mata hannu ta yi shiru.

Uba da 'ya suka dubi juna. Ba ta roƙe shi ba, ba ta kuma ja da baya ba.

Ya matsa gefe. Ya ce wa Yaya ya karɓo makullin motar abokinsa ya kai ta, ya yi sauri. Har ta taka bakin ƙofa ya riƙo hannunta, riƙon da bai yi mata ba tun tana ƙarama.

"Je ki. Amma ki sani, zuwa ceton rai ba amsa ba ce. In kin same shi da rai, tambayar tana nan tana jiran ki."